Ƙwaryar Ruwa a Hanyar Kurfi

Duk wanda ya gama makaranta ya rasa aikin ofis, sai ya zo ƙofar garejinmu ya tsaya, hannu cikin aljihu, ya ce yana son koyon aikin ƙafar mota don shi ne mai sauƙi. Wai noti uku a sama, biyu a ƙasa, ka cire tsohuwa ka sa sabuwa. Ba ni da lokacin yi muku bayani ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Wanda ya iya karatu ya karanta, ya bar ni in yi aikina.

Sunana Rakiya. Ni ce macen da kuke jin ana cewa tana kanikanci a bayan gidan marigayi Malam Sule a Dutsin-Ma. Mahaifina ne. Masu son sanin ko na yi aure, na yi, kuma ba shi ne zancen ba. Zancen shokazoba ne, wadda muke ce wa shoka a gareji, da wata mota guda da na ɓata da hannuna.

Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota. Shoka ce ke hana shi rawa. Idan taya ta faɗa rami, sifirin zai lotsa ya miƙe, in ba shoka sai ya yi ta yi, taya tana tsalle a kan hanya, kai kana juya sitiyari ita tana sama. A cikin shoka mai ne da sanda, da wata roba a baki da ke tsare man. Ranar da robar ta mutu, shoka ta mutu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanshi.

Baba 'ya'ya mata biyar ya haifa, ba namiji. Ni ce ta uku, sunan mahaifiyarshi aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Yaran da ya koya wa aiki duk sun gudu Kaduna lokacin da kuɗin mai ya buɗe gari. Ni kuwa ina nan, kuma ba na iya zama wuri ɗaya. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya ya fara ba ni ƙwarya.

Ƙwaryar ƙarama ce, ta fura. Ya ja mata layi da wuƙa daga ciki, yatsu uku ƙasa da baki. Duk motar da ya canza wa shokar gaba, kafin ya ba mai ita mabuɗi sai ya cika ƙwaryar da ruwa zuwa layin, ya zaunar da mutum a kujerar gaba ya ɗora mishi ita a cinya. Sai ya kama hanyar Kurfi, ya ratse wata burji mai gargada, har zuwa wata tsamiya, ya juyo. Gudu ɗaya kullum. Idan aiki ya yi, ruwan zai kaɗa sau ɗaya ya kwanta. Idan bai yi ba, gaban motar zai yi ta lilo, ruwan yana ƙara hawa har ya zubo maka. In zanenka ya jiƙe, mota ta koma kan jak. In ya dawo a bushe, sai Baba ya miƙa mabuɗi ya ce, "Je ka, na tsaya maka." Daga Shema har Makera, direbobi sun san wannan maganar. Ba takarda, ba rantsuwa. Ita ce jarinshi gaba ɗaya.

Ban yi wata biyu da ƙwaryar ba na gano wayo. In ka ɗaga ta kaɗan daga cinya, ka saki gwiwar hannu, hannunka zai shanye jijjigar, ruwa ba zai motsa ba ko motar ba ta da shoka sam. Na yi don kada zanena ya jiƙe. Baba ya hango ni ta gefen ido, ya taka birki a tsakiyar burji.

"Ajiye ta a cinya, Uwata."

"Ai ba ta zuba ba, Baba."

"Na gani. Hannunki na ce zan gwada, ko motar mutane?"

Muka koma bakin kwalta muka fara daga farko. Na jiƙe sharkaf. Aka sake kwance motar, ashe sabuwar shokar ce ta zo a mace daga shago.

Aikin farko da na yi ni kaɗai daga farko har ƙarshe, bayan na gama sakandare ne, motar wani malamin gona. A kanta na koyi cewa jak ba abin yarda ba ne. Ka sassauta notin taya mota tana ƙasa, ka ɗaga, ka tura kututturen kirya a ƙarƙashi, sannan ka sa hannu. Ka cire tiyon birki daga jikin shoka a hankali, kada ka bar ƙafar ta rataye a kanshi. Ka ja layi da ƙusa inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, don ka mayar yadda ka samu, in ba haka ba taya za ta ci gefe ɗaya kafin a yi sallah biyu. Sai babban, wanda kuke cewa noti ne kawai. A irin ƙananan motocin nan, sifirin yana naɗe ne a jikin shoka, a matse, noti ɗaya ne a sama ke riƙe da shi. Ka kwance notin nan ba ka kama sifirin ba, zai tashi da haƙoranka. Baba yana da ƙugiyoyi biyu da wani maƙeri ya yi mishi, masu dogon zare. Ka ɗaure wannan sau uku, ka koma wancan sau uku, ba ka gaba da ɗaya. Kuma bakin shoka yana kallon bango, ba cikinka ba. Sabuwar kuma, kafin ka sa, ka tsayar da ita tsaye ka danna sandar ka ja sau da yawa har ka ji ta yi nauyi daidai. Ɗaurin ƙarshe sai mota ta sauka ta tsaya da ƙafafunta.

Duk wannan na iya shi cikin shekara guda. Abin da na kasa shi ne doka ɗaya da Baba ba ya ɗagawa: shokar gaba biyu ake canzawa tare, ko a bar su tare. Ɗaya sabuwa ɗaya tsohuwa, in ji shi, ta fi duka biyun matattu haɗari, don matattu biyu direba ya san da su, yana tafiya a hankali.

Mazan tasha sun sha zuwa leƙe. Wani direba, Alhaji Mani, ya taɓa tsayawa a kaina ina ƙarƙashin motarshi ya ce, "Malam Sule, yau tuwo za a tuƙa mini a cikin injin?"

Baba bai ɗago ba. Ni na ce, "Alhaji, miƙo mini sifana goma sha bakwai in ka san ta."

Ya miƙo goma sha uku. Har ya rasu abokan tasha suna kiranshi Alhaji Sha-Uku.

Sai shekarar fari ta zo, bayan soja sun karɓi mulki. Gero bai yi ba, kayan gyara kuma suka ɓace daga kasuwa kamar an share. Mai shagon da muke saye a Katsina ya nuna mini kantocinshi, ba komai sai ƙura da bel ɗin fanka. A shekarar ne kuma ciwon baya ya kama Baba. Ba ya iya durƙuso, ba ya iya waiwaye sai ya juyo da jiki duka. Yana zaune a benci yana ba da umarni, ni ce a ƙasa. Tuƙin gwaji kaɗai ya riƙe wa kanshi.

Motar da nake magana ta Sista Talatu ce. Ungozoma ce ta asibiti, Kirista daga kudancin Zariya, ta shekara tara tana aiki a Kurfi. Motar tsohuwa ce, ƙarama, shuɗiya, irin marasa but ɗin nan da ake ɗaga ƙofar bayansu sama gaba ɗaya. A bayan nan take zuba akwatin aikinta, da tabarma, da jarkar ruwa. Rabin yaran ƙauyen Barkiya a hannunta suka faɗo. Ranar da ta kawo motar, tun daga ƙofa na ga gabanta yana sunkuye yana ɗagowa bayan ta taka birki. Na danna kan taya da nauyina na saki, ta yi lilo sau huɗu. Na leƙa, shoka biyun duk mai ya wanke su, ƙasa ta manne.

"Baba, ina wuni. Jakata ta gaji," in ji Sista. Haka take kiran motar.

"Ke ce ba ki gajiya, Sista. Wannan ai sai an canza duka biyu."

"To a canza. Amma ka san matan Barkiya ba sa duba ko ina da mota kafin su fara naƙuda. Akwai uku da nake jira a watan nan."

Ta dube ni ta ce, "Rakiya, injiniya, kwana nawa?"

Na ce kwana huɗu. Baba ya kalle ni. Ba wanda ya sa ni faɗin haka.

Na je Katsina, babu. Na je Funtuwa, babu. Rana ta uku na hau motar Kano. Na zagaye layin 'yan kayan mota tun hantsi har la'asar, na samu guda ɗaya tak, sabuwa a kwalinta. Mai shagon ya ce ta biyun sai wata biyu, ko uku, ko yadda Allah ya yi. A nan ne wani bakanike da ke gefen shagon ya ce mini, "Hajiya, ku a ƙauye ba ku waye ba ne? Yanzu wa ke jiran sabuwa?" Ya nuna mini yadda suke yi. A huda jikin tsohuwar, a tsiyaye abin da ya rage, a ɗura mata mai, a toshe hudar da ƙaramin sukuru, a goge, a fesa baƙin fenti. Ya danna mini wata da ya yi, ta yi nauyi kamar sabuwa.

Na san robar bakin ba ta dawo ba. Na san man da aka ɗura ta nan zai sake fita. Ba wai ban sani ba ne. Na ce a raina zai kai wata biyu, kafin nan ta biyun ta iso, in canza ba wanda ya ji. Gaskiyar magana kuma, ba na son in koma in ce wa Baba ɗaya na samu, don na san zai ce a jira, ni kuma na riga na ce kwana huɗu a gaban mutane.

Da na dawo ya ce, "An dace?"

Na ce, "An dace, Baba."

"Biyu?"

"Biyu."

Washegari da safe ya tafi jana'iza a Makera. Kafin ya dawo na huda ta hagu, na ɗura, na toshe, na fesa wa duka biyun fenti don su zo ɗaya, na ɗaura. Aikin ya yi kyau a ido. Ban taɓa yin aiki da sauri da tsabta irin na ranar ba.

Bayan azahar ya cika ƙwarya ya miƙo mini. Muka kama hanyar Kurfi, muka ratse burji. Gargadar farko ruwan ya kaɗa ya kwanta. Ta biyu ya kaɗa, bai kwanta ba, ya fara hawa ta hagu. Na ga ya wuce layi da yatsa ɗaya, da biyu. Mayafina ya rufe mini hannuwa. Na ɗaga ƙwaryar daga cinya, kaɗan, ko faɗin yatsa bai kai ba, na saki gwiwar hannu. Ruwa ya kwanta.

Mun kusa tsamiya Baba ya ce, "Kamar hagun nan tana da laushi."

Na ƙara jan mayafina a kan hannuwana.

"Ina jinta a sitiyari. Ya ruwa?"

"Bai zuba ba, Baba."

Ba ya iya waiwayowa. Da muka tsaya a gindin tsamiya ya juyo da jikinshi duka, ya dubi zanena, ya taɓa shi. A bushe. Ya dubi hannunshi ya ce, "To, hannun ne ya tsufa." Ya juya mota.

Da yamma Sista ta zo a motar haya. Ya miƙa mata mabuɗi ya ce, "Je ki, na tsaya miki."

Man da na ɗura bai kai wata biyu ba. Kwana goma sha tara ya kai. An aiko mata daga Barkiya da hantsi, ta fita da sauri, don ta yarda gaban motarta sabo ne. Da tsofaffin shokokinta ta san iya gudun da za ta yi. Akwai wata kwana mai gargada kafin wani kwalbati. Ta dama ta riƙe ƙasa, ta hagu ta yi ta tsalle, motar ta ƙi juyawa, ta daki bakin kwalbatin ta faɗa rami. Sista ba ta mutu ba. Wuyan hannunta na dama ne ya karye a wuri biyu. Matar da ta aiko ta haihu lafiya a hannun wata tsohuwa, na bincika daga baya.

A bayan babbar mota aka kawo mana shuɗiyar. Baba, wanda ya yi wata shida bai durƙusa ba, ya sa aka shimfiɗa mishi buhu ya kwanta ya shiga ƙarƙashi. Ina tsaye ina kallon ƙafafunshi. Ya daɗe. Ya ce in miƙo tsumma, na miƙa. Da ya fito yatsunshi duk mai, ya zauna a ƙasa ya jingina da taya.

"Akwai sukuru a jikin ta hagu. Tsohuwa ce aka ɗura wa mai aka yi wa fenti."

Kafin in ce wani abu ya ci gaba.

"An cuce ki a Kano, Uwata. Ke yarinya ce, sun ga mace, sun haɗa miki da ita. Wannan ba laifinki ba ne. Abin da aka yi ƙwarya dominshi ke nan. Ita ya kamata ta kama, ba ta kama ba. Hannuna ma ya faɗa mini, na ƙi ji."

Ya buɗe mini ƙofa, na bi na fita. Na ce, "Haka ne, Baba."

Ranar Juma'a ya ce in raka shi Kurfi. Muka samu Sista a barandar gidanta, hannu cikin filasta an rataye a wuya. Ta so ta tashi ya hana ta. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a bakin dakali.

"Baba, kada ka sa wa ranka komai. Hanya ce, kuma ni ma na yi gudu."

"Kin yi gudu don na ce miki je ki. Ni na tsaya miki, Sista. Ki yafe mini."

"Haba Baba. Na yafe, in ma akwai abin yafewa." Ta juyo gare ni tana murmushi. "Injiniya, ya kika yi shiru? Za ki gyara mini jakata ko?"

Na ce zan gyara. Ba ta gyaru ba, ƙashin gabanta ya lanƙwashe. Hannun Sista ma ya haɗe a sandare, ba ya juyawa. Ungozoma kuwa da wuyan hannu take aiki. Kafin shekara ta zagayo ta nemi a mayar da ita gida aikin rubutu a ofis. Da za ta tafi ta ce mu riƙe motar mu cire abin da zai yi amfani. Tana nan a bayan gareji har yau, ban cire ko noti ba.

Da muka dawo daga Kurfi Baba ya ɗauki ƙwaryar ya kai wa Inna cikin gida ya ce ta riƙa zuba wa kaji ruwa. Ya ce shekara ashirin yana sallamar mutane da abin da ba ya aiki, Allah kaɗai ya tsare su. Bai sake tuƙin gwaji ba. Bai sake ce wa kowa na tsaya maka ba. Direba ya zo karɓar mota, sai ya ce, "Ga ta nan, ka duba da kanka." Alhaji Sha-Uku ya taɓa ce mishi, "Malam Sule, ba ka faɗi maganar ba." Baba ya ce, "Ta ƙare, Alhaji." A hankali masu zuwa daga nesa suka daina, don maganar suke biyowa, noti ko'ina ana ɗaure shi.

Akwai abu guda da ban sani ba. A tulin tsofaffin ƙarafanmu, tsohuwar shokar motar Sista guda ɗaya ce, ba biyu ba, tunda ɗayar na mayar. Baba kuwa ya san kowane ƙarfe da ke tulin nan. Ko ya ƙirga, ko bai ƙirga ba, bai taɓa tambayata ba. In ya sani, to ya zaɓi ya zubar da sunanshi ya bar mini nawa. In bai sani ba, ya mutu yana ganin aikin rayuwarshi yaudara ne. Ban san wanne ya fi muni ba, kuma duka biyun ni na yi.

Na yi niyyar faɗa mishi. Na ce sai Sista ta warke. Na ce sai bayan damina. Na ce sai bayanshi ya yi sauƙi. Ni da ban iya jiran shoka wata biyu ba, na jira shekara uku da magana ɗaya a baki. Ya rasu ana saura 'yan watanni a ba mu jihar Katsina.

Bayan sadakar arba'in na shiga cikin gida na ɗauke ƙwaryar daga gaban kaji. Bakinta ya ɗan ɓalle amma layin yana nan. Inna ta ce, "Me za ki yi da ita? Ai ya ce ba ta aiki."

Na ce, "Tana aiki, Inna." Na zauna na faɗa mata duka. Ta tashi ta nemo wa kajinta wani kwano. Sista ma na rubuta mata wasiƙa ta hannun wata ma'aikaciyar Kurfi. Amsa ba ta zo ba, ban kuma ga laifinta ba.

To, ku masu cewa noti uku a sama biyu a ƙasa, kun ji. Wanda har yanzu yake son koyo ya zo bayan sallar asuba, ba da takalmin makaranta ba. Zai yi wata uku yana wanke sifana kafin ya taɓa ƙugiyar sifirin. Shoka ɗaya ba na ɗaurawa, ko mai mota zai yi kuka. Ta ɗuri kuwa, wanda ya kawo mini zancenta ya kama hanya.

Gwaji kuma ni nake tuƙi yanzu, hanya ɗaya, tsamiya ɗaya. Ƙwaryar na yi mata gammo a ƙasan mota, gaban kujera, can take zama. Ba na ba kowa ya riƙe.